Bashikangwa, da Ƙananan Haruffa

Jama'a, yau da safe an kira ni maƙiyin ci gaba. A ƙofar gidana, da lasifika, ina tsaye da singileti da buroshin goge baki a hannu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare nan Kitwe, ko alli ban taɓa ɗauka na kai gida ba, amma yau wani mai kwat da jan taye ya shaida wa unguwar Twanaka kaf cewa ni na kashe intanet ɗin gwamnati. Ni da ko rediyona in ta yi gardama sai na kira maƙwabci. Ku gyara zama, ruwa ba ya tsami banza.

'Yata ta fari, Kangwa, ta gama karatun jinya shekara biyu ke nan. Takardar tana ƙasan akwati tare da zannuwan uwarta. Babu ofishin da yarinyar nan ba ta taka ba, takalmanta biyu sun mutu a hanya. Sai watan jiya wani asibitin mishan can arewa ya amsa mata, suka ce za a yi intabiyu ta bidiyo, yau Alhamis, ƙarfe goma na safe, rabin awa. Kuma sun rubuta ƙarara cewa in hoto ya yanke za su wuce kan na gaba, don masu nema sun fi ɗari, gurbi huɗu ne.

To a gidanmu sabis wuri ɗaya yake, kan surin nan na bayan banɗaki. Can muke hawa mu ɗaga waya sama mu yi ta "kana ji na?" Amma ai ba a neman aikin asibiti a kan suri, awaki na kai da komo a bayanka. Na rufe ido na sayo na'urar wayfay, wadda masu ilimi ke cewa rauta, na kira Lombe ya haɗa mana. Lombe mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, ya kusa arba'in amma har yanzu da sunansa na yanka yake yawo, don bai haihu ba. Ya kafa 'yar eriya a kan rufi, ya ɗora na'urar kan kabad a tsakiyar falo, fitilu suka kama ƙyaftawa.

Ya ce, "Baba, saura kalmar sirri. Kada ta gaza harafi takwas, kuma ka zaɓi abin da ba za ka manta ba."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, sa Bashi Kangwa.

Ya ɗago ya dube ni. "Baba, ai sunanka ne."

"Shi ya sa ba zan manta ba."

"Duk unguwa da shi ake kiranka."

Na ce, "Kai Lombe, a katina na ɗan ƙasa haka aka rubuta? Sunana na takarda, wanda banki ya sani, shi ɓarawo zai nema. Wa zai zauna ya yi tunanin wannan?"

Kun dai san mu. Ran da aka yi maka haihuwar fari sunanka ya tafi hutu, ka zama Bashi wane, uban wane, matarka ta zama Bana wane, har ku shiga kabari. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya kira ni da sunan da uwata ta raɗa mini, har ni kaina in an kira shi a layin fansho sai na waiwaya in ga wa ake nufi. A tunanina na malamin makaranta, sunan da ba a amfani da shi shi ne a fili, wanda ake ihunsa ta kan katanga safe da yamma shi ne sirri. Lombe ya girgiza kai ya rubuta. Ya ƙara da cewa akwai wata kalmar a manne a ƙasan na'urar, ta shiga cikin hanjinta, ita ma a canza. Na ce gobe.

Kwana uku na farko abin sai wanda ya gani. Kangwa tana bita da ƙawayenta ta bidiyo, hoto tas. Matata Bana Kangwa ta gano mawaƙan coci na ƙasashen da ban san da su ba. Rana ta huɗu na fito na tarar da maƙwabcina Bashi Chomba, tsohon mai gyaran lantarki a mahaƙar tagulla, ya kawo kujerarsa gindin mangwaronmu. Shekara goma sha tara muna katanga ɗaya, mutumin nan bai taɓa yaba inuwar mangwarona ba. Ya ɗago da fara'a ya ce, "Bashi Kangwa! Allah ya ja kwana!" yana danna waya. Washegari su huɗu ne. Kafin mako ya zagayo mai aski ya matso da bencinsa, mai gasa masara ta kafa murhu, 'yan acaɓa suka mai da katangata tasha.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku yi mini dariya. Na ɗauka wannan rubutun da nake yi muku a jarida ne ya fara shiga jama'a. Har na ce wa Bana Kangwa ta riƙa goge mini riga kullum, don mutum in ya yi suna ba ya fita yadda ya ga dama.

Ana cikin haka sai ga gwamnati. Kun tuna alkawarin intanet kyauta a kowace unguwa, wanda aka yi mana zaɓe biyu da suka wuce? To Allah ya ja zamanin manya, ba su manta ba, shekara tara kawai suka ɗauka suna nazari. Ranar Juma'a wasu suka zo suka kafa falwaya dab da katangata, suka maƙala mata wani akwatin ƙarfe mai sabon fenti. Ranar Asabar aka kafa rumfuna, aka kawo masu rawa, sai ga wani babba a gwamnati, Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa. Ni na naɗa masa wannan sarauta, don ban taɓa ganinsa ba sai da almakashi a hannu da ƙyalle a gabansa. Shi ne ya buɗe mana famfo shekara uku baya, famfon da ya yi ruwa na minti goma sha biyar, daidai tsawon jawabinsa, sannan tankar ruwan da aka ɓoye bayan makaranta ta kama hanya. Motoci goma sha ɗaya suka rako shi, a garin da mu talakawa ke kwana biyu a layin mai. Wataƙila motocin manya da addu'ar talaka suke tafiya.

Ya yanke ƙyalle, ya ɗaga wayarsa sama, bidiyo ya buɗe nan take. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na tafa har tafina ya yi zafi, don mai gaskiya in ya ga aiki sai ya yaba. Da taro ya lafa na matsa wurin mai jan tayen nan, wanda shi ke riƙe wa Mai Girma jaka, na ce, "Ranka ya daɗe, mu ma a sammana kalmar shiga."

Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Bashikangwa. A haɗe, da ƙananan haruffa."

Na ce, "Ikon Allah! Irin tawa ce sak!"

Ya ce, "Ka ga shaida ke nan, gwamnati tana tare da talaka."

Wallahi da ƙyar ƙafata ta taɓa ƙasa har na shiga gida. Na ce wa Bana Kangwa yau ƙasa ta san da ni, an sa wa intanet ɗin gwamnati sunana. Tana tuƙa tuwon masara, ta tsaya da muciya a hannu ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce in wanke hannu abinci ya kusa.

Ranar Talata Kangwa ta yi gwajin ƙarshe da wata ƙawarta a Ndola. Fuskar ƙawar ta daskare baki buɗe, wani ɗan zobe ya kama juyawa a tsakiyar allo. Ta kashe ta kunna, zobe. Ta matsa kusa da kabad, zobe. Sau bakwai tana gwadawa. Daga nan ta rufe kwamfutar a hankali, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, na ji tana kuka ƙasa-ƙasa don kada mu ji. Jama'a, na sha ganin abin takaici a duniya, amma kukan ɗiyar da ta yi duk abin da aka ce ta yi, shi ba ya barin uba ya haɗiye ko ruwa.

Laraba da sassafe na bazama neman Lombe. Shagonsa a rufe. Aka ce yana layin mai tun Litinin. Can na same shi, na ɗari da wani abu a layi, yana kwance kan bonet ɗin tsohuwar motarsa ya rufe fuska da jarida.

Ya ce, "Baba, in na bar nan na koma ƙarshen layi, kuma an ce tanka tana hanya."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya ce jiya."

Na ce to ba a fafe gora ranar tafiya, gobe ne intabiyu. Ka je gidana, ni zan tsare maka layi. Haka aka yi. Awa biyar ina tura motar Lombe taku uku-uku, ni da wani direban tasi da ya rantse mini cewa a layin nan ya yi furfura. Tanka ba ta zo ba, amma wani jami'i ya yi magana a rediyo ya ce babu ƙarancin mai, mutane ne kawai suka yi yawa. Allah ya ƙara basira.

Da la'asar Lombe ya dawo ya karɓe ni, ya ce, "Mama za ta yi maka bayani." Na isa gida na tarar da katangata fayau, ba benci ba murhu. Bana Kangwa na zaune a falo da takarda a cinya.

Ta ce, "Zauna, mai suna."

Na zauna.

"Lombe ya shiga cikin na'urar ya ga jerin waɗanda ke shan intanet ɗinka. Waya tamanin da bakwai." Ta fara karantowa. Wayar mai aski. Wayar Fasto. Wata mai suna Sarauniyar Twanaka. Kwamfuta biyu na ofishin ci gaban unguwa. "Akwatin da ke kan falwaya kuma ya hau ya leƙa. Ko wayar wuta ba ta shiga cikinsa. Tsuntsu har ya fara kai ciyawa."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Bashi Chomba ne ya fara gwada sunan da yake kirana da shi kullum, ƙofa ta buɗe. Ya gaya wa mai aski, kuma abin da mai aski ya ji ai gari ya ji. Masu aikin gwamnati suka zagaya unguwa da waya a hannu suna neman inda sabis ya fi ƙarfi, suka kafa falwayarsu a nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na miƙe zan je in ci wa Bashi Chomba mutunci, Bana Kangwa ta ce in koma in zauna, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Ta ce Lombe ya kori kowa, ya canza kalmar shiga, ya canza ta ƙasan na'urar da na ce gobe, ya kashe wani maɓalli da ke barin mutum ya shiga ba kalma. Na ce madalla, to mece ce sabuwar?

Ta ce, "Sai bayan intabiyu."

"Haba Bana Kangwa, ni ne fa mai gidan!"

"Shi ya sa."

Mu dawo yau da safe. Ƙarfe tara da 'yan mintoci sai ga mota ta tsaya, mai jan taye ya fito, aka sauke masa lasifika da batirinta. Ashe ƙarfe goma sha ɗaya baƙi masu ba da tallafi za su zo ganin aikin, da 'yan talabijin. Ya kira ni maƙiyin ci gaba, ya kira ni ɗan zagon ƙasa. Jama'a suka taru. Da ya ga ihu bai buɗe intanet ba, sai ya ajiye makirufo ya jawo ni gefe, murya ta yi laushi.

"Baba, mu rufa wa juna asiri. Awa ɗaya kawai. Akwai kwamitin kula da intanet na unguwa da za a kafa, ana neman shugaba, dattijo mai ilimi. Da taron bita a otal bakin ruwa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na hango kaina a otal ɗin nan da katin suna a ƙirji. Abin da ya cece ni ba tsoron Allah ba ne, rashin sani ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san kalmar ba."

"Gidanka ne!"

"Haka ni ma na ce."

Ba wanda ya yarda. Banakulu Chola, wato kakar Chola, tsohuwar layinmu wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ta dogaro sandarta ta ce, "Ɗana, gishiri ba ka taɓa hana ni ba, garwashi ba ka taɓa hana ni ba. Yau iska za ka hana ni? Jikata da ke Kapiri jiya ban ga fuskarta ba." Wannan ta fi lasifikar yi mini ciwo, don a Twanaka mutum ya hana maƙwabci abu, gara a ce ya yi sata.

Goma saura kwata, masu wuta suka ɗauke wuta. Jadawalinsu ya ce sai ƙarfe biyu, amma wa ya isa ya riƙe manya da abin da suka rubuta? Na ji Kangwa ta ce "Mama!" daga ciki, da wata irin murya.

Bana Kangwa ta fito. Ba ta kalli mai jan taye ba, matan ta fuskanta. Ta ce, "'Yata tana ciki, nan da minti goma za ta zauna gaban masu ba ta aiki. In hoton ya yanke, shi ke nan. Wace ce a cikinku ba ta da mai takarda a ɗaki yana zaune? Ta ɗaga hannu in gani."

Ba hannun da ya tashi. Banakulu Chola ta juya ta dubi lasifika, ta dubi batirin da ke ƙasanta, ta nuna da sanda ta ce, "Bashi Chomba, kai da ka ɓata, zo ka gyara." Nan take mutumin nan ya matso. Ya durƙusa ya kwance batirin gwamnati, ya rungume shi ya yi cikin gidana da gudu, filaya a aljihu. Mai jan taye ya ce wannan kayan hukuma ne. Tsohuwa ta ce, "To mu 'ya'yan wa?" Ta zauna daram a kan lasifikar. Goma saura uku fitilun na'ura suka dawo. A rubuta a tarihi, wannan ce gudunmawar farko da hukuma ta bayar ga intanet a unguwarmu.

Rabin awa Twanaka ta yi tsit. Ɗan acaɓa ya shigo layi, mata suka tare shi, ya kashe inji ya tura. Wani zakara ya yi yunƙurin cara, mai gasa masara ta kife shi da kwando. Mai jan taye na ta duba agogo yana share gumi, ya buɗe baki sau ɗaya, idanu talatin suka juyo, ya mayar. Ni kuwa ina tsugune gindin taga ina jin muryar 'yata tana amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban gane ko rabin abin da take faɗa ba, amma ban ji ta ce "kuna ji na?" ko sau ɗaya ba.

Goma da minti talatin da biyar ta buɗe ƙofa. Ta tsaya tana kallon taron da ba ta san da shi ba. Ta ce, "Baba, bai yanke ba." Sai ta ƙara da cewa, "Sun ce in kawo takarduna na asali ranar ɗaya ga wata."

Guɗar da aka yi ta fi ta ranar Asabar, kuma wannan ba wanda aka raba wa lemo. Ni dai na yi kuka, a gaban mai aski da kowa, da singileti. Ku rubuta, ban damu ba.

Baƙi sun zo sha ɗaya da rabi. Na ji mai jan taye yana yi musu bayani cewa an rufe tsarin na ɗan lokaci don a ƙara masa ƙarfi, saboda jama'a sun karɓe shi fiye da yadda aka zata. Suka gyaɗa kai, suka ɗauki hoton falwaya. Bana Kangwa kuma ta ce Lombe zai buɗe wata 'yar ƙofar intanet ta maƙwabta, daban da tamu, ranar Lahadi bayan coci, Banakulu Chola ce ta farko a layi.

Da gida ya yi shiru na matsa kusa da ita, na ce to an gama intabiyu, a cika alkawari. Ta ce ai kalmar ba baƙuwata ba ce, daga bakina ta fito. Maganar farko ce da na yi mata ran da na fara tare ta a hanya, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, a haɗe, ba tazara. Lombe ya ce bai taɓa ganin kalma mai tsauri irinta ba. Ta ce duk sa'ad da na tuna, ƙofa a buɗe take.

Tun azahar nake fama. Na gwada "yayasunanki". Na gwada "inazakije". Na gwada wata mai daɗi da nake da yaƙinin na faɗa, ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta ce wannan ba ita na gaya wa ba, kuma za mu yi maganar bayan cin abinci. Don haka in kun ga kuskure a rubutun yau ku yi wa edita uzuri, da biro na rubuta, kwandastan bas ya kai masa.